Ranar da Shaddar Kausara Ta Zuba

An kashe sunan Kausara ranar Talata da hantsi, saura kwana goma sha tara Babbar Sallah, kuma ba a zubar da jini ko ɗigo ba. Ruwa aka zubar, shuɗi, a cikin wani bidiyo da bai cika minti ɗaya ba.

Ga abin da ke ciki. Hannuwa biyu sanye da baƙar safar roba irin ta masu rini suka ɗaga leda mai tambarin shagon, suka juya ta a hankali yadda ko mai hakiya zai karanta "Kausara Shadda". Suka zaro shuɗiyar shadda, suka tsoma a kwano. Ruwan ya rine. Suka ɗaga, suka matse, shuɗi na tsiyaya. Shi ke nan. Ba fuska, ba murya. Bidiyon bai ce uffan ba, mutanen Zongon Wagadugu ne suka ara masa baki.

Kafin azahar ya shiga kowace waya, kuma duk wanda ya tura sai ya ɗora nasa. Wata ta rubuta cewa ƙanwar maƙwabciyarta ta sa shaddar ta je biki unguwar Paspanga, ruwan sama ya kama ta, ta dawo gida shuɗiya har wuya. An yi wata bakwai ba a ga ɗigon ruwa a Wagadugu ba, amma ba wanda ya ga dalilin ɓata labari mai daɗi saboda wannan.

Shagon Kausara ɗaki ɗaya ne a ƙofar gida, da kanta biyu da fanka mai tari. Ainihin shagon yana cikin waya, a shafinta na Fesbuk, inda mata daga Bobo har Yamai ke sayen abin da ba su taɓa shafawa ba saboda wasu matan da ba su taɓa gani ba sun ce yana da kyau. Ba ta da wani jari da ya wuce sunan nan. Da la'asar shugabar ƙungiyar matan direbobi, waɗanda suka ba ta aikin ankon Sallah gaba ɗaya, ta aiko da murya cewa suna jira zuwa Juma'a. In ba su ji bayani ba, za su nemi wani wuri, kuma kowa ya san in suka tashi sauran ma za su bi su.

A ƙofar masallaci an gama shari'a tun kafin a kira magariba. Wasu suka ce Ɗan Malam ne, mai shadda a kasuwar Sankaryare, wanda Kausara ta kwashe wa masu saye. Wasu suka ce Rilwanu ne, mai kula mata da shafin, don mutumin da ke yini yana shafa gilashi ba a san abin da yake shafowa ba. Wasu suka ce Sauda mai kitso ce, ba don wani dalili ba, sai don ita ce Sauda.

*

Mani yana gadin babura a ƙofar masallacin, kuma ya ji duk wannan ido a rufe. Shekara talatin da suka wuce ya baro Adar yana bin sawun shanu shida da aka sace wa ubangidansa. Ya bi su wata guda, ya tsallake iyaka, ya iske su a Wagadugu an riga an shanya fatunsu. Kunyar komawa hannu wofi ta zaunar da shi, daga baya sabo ya karɓe ta. Yanzu yana zaune kan benci ƙarƙashin wata bishiyar maina, tsakanin barci da farke. In zafin rana ya kwanta kan kwalta, sai baburan da ke wucewa su koma masa garke, madubansu su zama ƙaho, ya riƙa gane wadda ke ɗingishi da wadda ke da ciki. Bai iya karatu ba. Wayarsa mai maɓallai ce, kuma ko ita ba su cika shiri ba.

Laraba da safe Kausara ta aiko a kira shi. Ya same ta a tsakar gida, mace 'yar shekara arba'in, idanu sun kumbura, wayoyi biyu a cinya suna ta kuka kamar tagwaye. Can gefe mahaifiyarta, Inna Indo, tana kan tabarma tana jan carbi.

"Baba Mani, an ce kana bin sawu."

"Na shanu, ɗiyata."

"To wannan na jaki ne. Ka nemo min shi."

"Jaki ya fi sauƙi. A ina ya taka?"

Ta miƙa masa waya. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi jaririn wani, ya kalla har ƙarshe, ya ce a sake. Sannan ya tambaya ko shaddarta tana zuba.

"Wallahi ba ta zuba. A bayan gidan nan ake rina ta, a gabana. Ka ɗauki wadda ka so ka jiƙa ta har Sallah."

"Kin faɗa musu haka?"

"Rilwanu ya faɗa musu," in ji ta, da muryar wadda ta fara zargin nan ne matsalar.

*

Rilwanu na cikin shagon, ƙarƙashin fanka. Ya haura talatin, yana da takardar jami'a a fannin sadarwa, kuma yana sa tabarau maras magani don a tuna da hakan. Hausarsa da Faransancinsa sun daɗe da auren juna.

"Tonton Mani, se grab, abin ya yi muni. Ban runtsa ba. Na yi duk abin da ake yi."

"Mi ake yi?"

Ya lissafa. Da farko ya goge maganganun masu zagi, sai suka ɗauki hoton gogewar suka yaɗa. Ya toshe mutum ɗari, sai suka dawo da sunayen matansu. Ya rubuta cewa za a kai duk mai yaɗa ƙarya komisariyar 'yan sanda, sai wata hajiya a Bobo ta amsa cewa ga adireshinta, a zo da mota mai sanyi. Daga ƙarshe ya saki yabo talatin daga shafukan da shi ya ƙirƙira, amma gajiya ta sa ya sake su duka a minti ɗaya, mutane kuwa suka yi mamakin yadda mata talatin suka farka tare da tunani ɗaya.

"Watau ka ga sawu, ka kawo garke ka bi ta kai," in ji Mani.

"Sitirateji ce, Tonton."

"Kafin wanga abu, mi ake cewa a kanta?"

Nan fuskar Rilwanu ta washe. Ya riƙa jan gilashi da yatsa, yabo na gangarowa kamar hatsi daga buhun da ya ɓule. Shaddar Kausara ba ta da ta biyu. Kausara sarauniya. Kausara hannunki zinariya. Ya ce shekara uku ke nan ba a bar kalmar suka ko ɗaya ta kwana a shafin ba. Wadda ta ce an makara kawo mata kaya, ya goge. Wadda ta ce yadin bai cika ba, ya goge. Kuma kullum bayan la'asar yakan zauna a tsakar gida ya karanta wa Kausara yabon ranar da ƙarfi, don ta ji daɗin aikinta.

"Shekara uku ba wanda ya ce tir?"

"Ko ɗaya."

"Ko limamin Juma'a bai samu haka ba."

Mani ya dube shi da kyau. Mutumin da ya shekara uku yana share gida ɗaya ba ya tashi rana ɗaya ya zuba shara a ciki, balle in da sharar ake korar sa. Ya cire shi daga lissafi, ba don ya yarda da gaskiyarsa ba, sai don ya ga iyakar wayonsa.

*

Abin da ya sani shi ne sawu ana bin sa ne da baya. Ya fita ya tare mutum na farko da ya gani da waya, ya ce, "Wa ya turo maka?" Mai shayi ya ce direban Yamai. Direban ya ce matarsa. Matar ta ce wata a rukunin 'yan Islamiyya, bayan ta rantse sau uku cewa ita ba ta tura wa kowa ba sai mutum tara. Haka ya yini yana tafe daga ƙofa zuwa ƙofa, ana ba shi zom-kom, ruwan gero mai sanyi, a kofin roba, kowa na gaya masa yadda abin ya ba shi tausayi. Bai taɓa ganin unguwar da tausayi ya yi wa yawa haka ba. Rana ta yi nauyi, jar ƙasa tana numfashi, gidajen suna rawa kaɗan-kaɗan a idonsa kamar an zana su a kan ruwa. Duk hanyar da ya bi, sai ta lanƙwasa ta nufi wuri ɗaya, gindin mangwaron da Sauda ke kitso a unguwar Kamsawgin.

Ya same ta da kan wata a tsakanin gwiwoyi, tsinke a baki.

"Na san za ka zo," in ji Sauda. "In kaza ta ɓata, Sauda. In miji ya ɓata, Sauda."

"Mijin an same shi?"

"Ba a wurina ba. Zauna, Baba, kar ka faɗi a ce ni ce."

Ta amsa cewa ita ta fara turawa, kuma ba ta ga laifinta ba, tunda abu ya zo wayarta ai ba don ya yi kiwo ya zo ba. Amma ba ta san wanda ya ba ta ba. Ranar Litinin jajibirin wani biki ne, mata sun fi talatin a gindin bishiyar. Al'adarta ce ta ajiye waya a kan turmi a buɗe, kowa ya zuba mata abin da yake da shi ba tare da rezon intanet ba, waya kusa da waya. 'Yan mata su zuba waƙa, tsofaffi su zuba wa'azi.

"Tsofaffi sun iya?"

"Su? Ba su iya rubuta sunansu ba, amma wa'azin awa biyu kan azabar kabari sai su dasa maka shi kafin ka yi atishawa. Da na duba da yamma, sai ga shi tsakanin wa'azi biyu."

Ya tambayi sunayen matan. Ta kawo ashirin da shida, ta haɗa da tarihin auren kowace. Mani ya tashi. Ya san wannan wurin. Nan ne inda shanu ke shiga gulbi, sawu ya narke.

*

Alhamis da safe ya tafi Sankaryare. Ɗan Malam na zaune cikin rumfarsa tsakanin tulin yadi, gajere mai tumbi, da fuskar mutumin da aka daɗe ana cuta amma ya kasa gano wa.

"Kai ma ka zo ka ce ni ne? Malam Mani, da ni na yi, da fuskata zan sa, in yi murmushi."

"An ce ka ji daɗi."

"Ranar farko na ji. Har naman rago na saya. Jiya kuwa mace uku suka zo nan suna tofa yawu a kan shaddata suna murzawa, wai duk kayan Hausawa haka suke. Ka ga riba?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. Ya ce bara ya aiki matarsa ta sayo shaddar Kausara a ɓoye. Ya jiƙa ta kwana uku, ya sa sabulu, ya sa kanwa, ya tsaya a kanta yana addu'a. Ba ta zuba ba.

"Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Kuma bari in gaya maka, abin da ke cikin bidiyon nan ba rini ba ne. Rini in zai zuba, a hankali yake fita, kamar hayaƙin turare. Wannan fashewa ya yi lokaci ɗaya. Bula ce, ta wanki, aka ƙunsa a cikin ninkin."

"Mi ya hana ka faɗa?"

"In wanke Kausara? Da bakina?" Ya dafe ƙirji. "Ina da iyali, Malam Mani."

*

Ya koma bencinsa da wayar da Kausara ta ara masa, wadda Rilwanu ya saita yadda bidiyon zai yi ta maimaita kansa. Kowa a garin nan kwanon ya kalla. Mani ya ɗora babban yatsa a kan kwanon ya rufe shi, ya kalli abin da ya rage.

Wayar da ta ɗauki hoton a ƙasa aka jingina ta, dab da ƙasa. Yaran zamani sama suke ɗaga waya, kamar masu roƙon ruwa. Wannan kuwa mai zama kan 'yar kujera ne, mai ajiye abu inda hannunsa ke kaiwa. A gefen hoton akwai jar ƙasa, da busasshiyar ciyawa, da wani guntun daɓen siminti mai ƙananan fale-falen tayil kore guda uku. Ya kara wayar a kunne. Babu kukan yara, babu daka, babu rediyo. Sai can ƙarshe, rurin jirgin sama ya taso ƙasa-ƙasa har ya cika wayar.

Wuri ɗaya ne a tsakiyar Wagadugu da jirgi ke wucewa a kan mutum haka, kuma ba yaro ba turmi. Ya bar baburan a hannun ladan, ya tafi.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da aka rushe tsohuwar unguwar Hausawa da ke kusa da filin jirgi. An ce za a yi birni na gilashi. An yi wasu benaye, sauran filin kuwa yana nan a bayan shingen kwano yana jiran gilashinsa, ciyawa da ledoji suna gadi. Mani ya shiga ta inda kwanon ya ɓalle. Rana na tsaka, iska ba ta motsi. Da ya lumshe ido sai unguwar ta tashi tsaye. Ga rumfar mai tsire, ga zauren da ake kwance huhun goro ana yayyafa masa ruwa, ga lungun da ba ya ɗaukar mutum biyu sai ɗaya ya ba da kafaɗa. Har ya ji ƙamshin ganyen goro. Da ya buɗe ido, sai fili da ƙadangare.

Bai sha wuya ba. Ba a yi ruwa ba, kuma ba mai shiga nan sai awaki. Sawun silifa ne, ƙanana, taku gajere, da ɗigon sanda a dama. Ya bi. Abin da ya tsayar da shi, sawun bai miƙe ba. Fili ne fetal, ba abin da zai hana mutum yanke hanya, amma mai silifar ta yi gaba taku arba'in, ta karya kwana a inda babu kwana. Ta raɓa ta gefe a inda lungun nan yake a da. Ta zagaye rijiyar da aka cike tun tuni. Ta zo wani wuri ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofar da babu shi, ta ratsa zauren da babu shi, ta kewaye katangar da iska ce kawai a wurin. Can ciki ga fale-fale kore guda uku, ga zoben gindin kwano, ga takardar bula biyu a maƙale a ciyawa. Ruwan ma ba a nan ta zubar ba. Ta ɗauke shi taku goma zuwa kusurwar gabas, inda magudanar gidan take, ta zuba a can. Ƙasar wurin ta yi shuɗi.

Mani ya tsuguna ya daɗe. Ya sha fura a zauren nan ba sau ɗaya ba. Shekara talatin yana jin haushin shanun da ya samu a makare, yau ga shi ya samu abu a kan lokaci, kuma bai ji daɗin ba.

*

Juma'a da hantsi ya tara su a tsakar gidan Kausara. Rilwanu da tabaransa, Sauda da mayafin zuwa biki, Ɗan Malam a bakin ƙofa don in abu ya ɓaci ya riga kowa fita. Inna Indo na kan tabarmarta.

Mani ya ce Rilwanu bai yi ba, ya dai taya. Sauda ba ta yi ba, ta dai raka. Ɗan Malam bai yi ba, ya dai so. Sannan ya ba da labarin bula, da filin, da sawun da ke karya kwana a inda babu kwana.

"Baƙo zai yanke hanya," ya ce. "Maƙiyi zai zubar da ruwa inda ya tsaya. Wadda na bi, gidansu ta shiga. Ta ƙofa ta shiga, kuma ba ta yarda ta ɓata tsakar gida ba. Gidan marigayi Alhaji Zakari mai goro ne."

Kausara ta ɗago. "Gidanmu?"

Ba wanda ya dubi tabarma. Kowa ya samu abin kallo a ƙasa.

"Mani, ka daina kewaye-kewaye kamar mai neman aure," in ji Inna Indo. "Ni ce."

"Inna!"

"Ni ce. Safar a wurin rini na ɗauka. Taksi na shiga. Kin saya min waya don in ji wa'azi, to na ji."

Ta ajiye carbin. Ta ce shekara uku tana zaune a nan wannan mai gilashin yana karanta yabo kamar mai karanta Yasin. Sarauniya, zinariya, ba ta biyu. Ta kasa kunne ko za ta ji mutum ɗaya ya ce tubarkalla, ba ta ji ba. Baki dubu arba'in na masu bin shafin a kan 'yarta, ba ko ɗaya da ya sa mata kariya.

"Gidan can, duk wanda ya wuce sai ya ce kai, gidan Alhaji Zakari! Ina gidan? Ubanki, kowa ya ce ba a taɓa mai goro irinsa ba. Shekara ɗaya ya yi bayan rusau. Ke kuma bana kin faɗi a babur, kin ƙone da ruwan rini, kin rame har awarwaro na zame miki. Na ce a daina karantawa, a bar masu ƙorafi su yi ƙorafinsu, kuka ce Inna ba ta gane zamani ba."

"Shi ne za ki kashe ni?"

"Shi ne zan raya ki. Biyu na binne kafin ke. Da aka haife ki, tsumma na sa miki wata shida, duk wadda ta zo barka in ce kar ki duba, mummuna ce. Ga ki nan." Ta gyara zama. "Na ce mutum goma su zage ki, ko ashirin, bakin ya karye. Ban san abin nan ba shi da birki ba."

Sauda, wadda ba a taɓa ganin bakinta a rufe ba, ta rufe shi da mayafi.

Rilwanu ne ya fara farfaɗowa. Ya ce abu ne mai sauƙi, za a rubuta cewa bincike ya gano hannun wasu 'yan kasuwa masu hassada, ba sai an kama suna ba.

"Ba sai an kama suna ba?" in ji Ɗan Malam daga ƙofa. "Duk garin nan in aka ce mai hassada, wa ake kallo?"

Kausara ta kalli wayoyinta, ta kalli uwarta. Matan direbobi na jiran bayani kafin a sauko daga masallaci. Bayani ɗaya ne zai wanke shaddar, kuma shi ne zai miƙa tsohuwar ga bakin da ya cinye ta ita kanta a kwana uku.

"A bar shi," ta ce. "Su tafi. Ba zan sa uwata a waya ana zaginta ba."

"Wa ya tambaye ki?" Inna Indo ta dogara sanda ta miƙe. "Zagi ai shi na fita nema. Kai mai gilashi, kawo kwano. Ka ɗaga wayar sama yadda kuke yi, a ga fuskata."

Aka kawo ruwa. Ta tsoma shaddar, ta murza, ta matse, ta ɗaga kwanon a ga ruwan fari tas. Sannan ta kwance bakin zane ta fito da bula, ta barbaɗa, ruwan ya fashe da shuɗi. Ta kalli wayar kamar yadda ake kallon surukin da ya zo hannu wofi.

"Ni ce Indo, uwar Kausara. Ni na yi wancan, ga yadda na yi. Shaddar 'yata ba ta zuba. Ku ne bakinku ke zuba. In za ku yabi ɗan mutum, ku ce tubarkalla, ba a saye da kuɗi. In kuma ta yi muku ba daidai ba, ku faɗa, wannan mai gilashin ba zai ƙara gogewa ba. Kashe abin."

*

Matan direbobi ba su tafi ba. Wasu da suka tafi sun dawo, wasu ba su dawo ba, don akwai mutanen da in suka gaskata mugun labari suna jin asara ce su mayar. A shafin yanzu akan ga mai cewa an makara kawo mata kaya, a ƙasa kuma Kausara da kanta ta amsa, ta ba da haƙuri, ta faɗi ranar da zai iso. Rilwanu yana kallon waɗannan kamar mai kallon ƙuda a miya, amma an hana shi cokali.

Saura kwana uku Sallah, Mani na kan bencinsa, raguna da babura sun gauraye masa har bai san wanne ke mafarkin ba, sai ya ji sanda ta taɓa ƙafarsa. Inna Indo ce, ta yafa mayafi har goshi kamar wadda ake nema.

"Mani, ka ji abin da suke yi min?"

"Zagi?"

"Ina fa! Uwa ta gari. Uwa ba ta biyu. Wai har a Abijan. Jiya wata ta tare ni a hanya ta rungume ni, ta ɗauki hoto." Ta sauke murya. "Tun shekaranjiya gwiwar nan ke ciwo."

"Ba su ce tubarkalla ba?"

"Rabi sun ce. Sauran rabin fa?"

Ta duba hagu, ta duba dama, ta matso.

"Ka ɗan zage ni."

"Haba Hajiya. A ƙofar masallaci?"

"Nan ya fi kamawa. Yi sauri, ina da aiki."

Mani ya yi tunani, don mutum ne da ba ya son aikin ganganci.

"Ke muguwar tsohuwa ce," ya ce. "Kin wahalar da unguwa, kin sa na yini a rana, kuma ko goro ba ki ba ni ba."

Inna Indo ta lumshe ido, ta ja dogon numfashi, ta taka ƙafar mai ciwo ta gwada.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Gobe ma zan biyo."